Lafiyar Mutum Tamanin da Bakwai

Shekarata tara ina koyar da Turanci a makarantar ƙauyen nan, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa samun ɗalibi ɗaya da ya tashi babu lafiya ba. A Turance dai nake nufi. Kullum da safe ina sa ƙafa a aji shida, mutum tamanin da bakwai za su miƙe da ƙarar benci, su ja murya kamar masu rera waƙa: "Good mooorning, sir!" In ce musu, "How are you?", wato yaya kuke. Su amsa gaba ɗaya, har kwanon rufi yana karkarwa: "We are fine, thank you, sir!" Mai zazzaɓi yana ciki, wanda bai karya kumallo ba yana ciki, wadda kunama ta harba jiya a hanyar rijiya ita ma tana ciki. Duk lafiya suke, sun kuma gode.

Kada wani ya yi saurin ɗora min laifi. Ya zo ya ga ajin tukuna. Littafin Turanci goma sha ɗaya gare mu, biyu babu bango, ɗaya kuma akuya ta cinye masa darasi na huɗu da rabin na biyar. Allon ya koɗe, alli ba ya kama shi sai ta ɓangaren hagu. Minti arba'in ake ba ni. Wanda ya iya lissafi ya raba min minti arba'in tsakanin mutum tamanin da bakwai, ya gaya min abin da kowa zai samu. Ko rabin minti bai kai ba, kuma ban cire lokacin raba faɗa ba. To, me zan yi? In faɗa, su maimaita. Haka aka koya min, haka nake koyarwa.

Shi kuwa wanda ya rubuta littafin, ina iya rantsewa bai taɓa taka hanyar da babu kwalta ba. A darasi na shida wani yaro ne ya shiga wani ɗan ɗaki a gindin bene, ya danna maɓalli, ɗakin ya tashi da shi zuwa hawa na goma. Kwana biyu na yi ina bayanin ɗakin nan. Na zana, na kwatanta da guga a rijiya, har tsalle na yi. Daga ƙarshe wani daga can baya ya ɗaga hannu ya tambaye ni wa ke jan igiyar. Ban yi fushi da shi ba, don tambayarsa ta fi darasin ma'ana. Yaro yana fama da kalma, yana kuma fama da abin da kalmar take nufi, wahala biyu ke nan a lokaci ɗaya. In an tashi kuwa, Turancin a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. A gida ba a yi, a kasuwa ba a yi, rediyon gidan kowa a tashar Hausa take. Sai washegari su zo su ɗauke shi inda suka ajiye.

Hedimastanmu shi ma ya zo da tasa dabarar. Ya sa aka yanko wani katako mai faɗin tafin hannu biyu, aka huda shi aka zura igiya, ya rubuta a jiki da jan fenti cewa mai wannan ya yi yaren gida. Duk wanda aka kama ya yi Hausa a harabar makaranta, monita za ta rataya masa, ya yini da shi a wuya har sai an kama wani. Yallaɓai ya ce cikin wata uku yaran nan za su riƙa mafarki da Turanci. Cikin mako ɗaya dai muka zama makarantar da ta fi kowace shiru. Yara ba wawaye ba ne. Turanci ba su da shi, Hausa an hana, sai suka koma nuni da ido da haɓa. Na taɓa ganin an yi dambe a filin wasa, daga farko har ƙarshe babu wanda ya ce uffan.

A cikin wannan taro akwai autar tela, wadda kowa yake kira Auta. A benci na biyu take zama, kusa da taga, siririya ce, kullum da guntun zare a jikin rigarta. Yarinyar nan ta iya rubuta Turanci yadda har ni yakan ba ni kunya. Mahaifinta da tsofaffin jaridu yake fitar da yankan riga, ita kuma ta tattara gutsattsarin da almakashi ya bari tana karantawa. Rabin jimla take samu, wani lokaci kan labari babu ƙafa, wani lokaci ƙafa babu kai. Sai ta rubuto kalmar da ta gagare ta a tafin hannu, ta zo ta buɗe min hannun ba tare da ta ce komai ba. Wasu kalmomin sai na koma gida na duba ƙamus a ɓoye.

Da wasiƙa ta zo cewa wata makarantar kwana ta 'yan mata a birni za ta ɗauki yarinya ɗaya tak daga yankinmu, karatu da abinci da littattafai duk kyauta, ban tsaya shawara da kowa ba na rubuta sunan Auta. Sakandaren da ta fi kusa da mu tafiyar rabin yini ce, kuma tela ya gaya min da bakinsa ba zai iya ba. In ta rasa wannan gurbi, karatunta ya ƙare a aji shida, sai ɗinka maɓalli a gefen keken babanta. Aka yi jarrabawar rubutu. Cikin yara fiye da ɗari uku ta zo ta biyu. Aka kira biyar na sama su zo birni bayan kwana ashirin a gwada bakinsu.

Hedimasta ya kira ni ofis yana fara'a har kunne.

"Ka ga amfanin katakona ko, Malam?"

Na ce, "Na gani, Yallaɓai." Me zan ce?

Ni ma a raina na ɗauka an gama mai wuyar. Wadda ta iya rubuta shafi biyu a kan damina a jarrabawa, ai gaisuwa ba za ta gagare ta ba. Da aka fita tara na sa aka kira min ita gindin bishiyar da ke bayan aji, na zauna a kujera, na nuna mata benci. Na gyara murya irin ta manyan mutane.

"How are you?"

Shiru.

Na maimaita. Ta dubi ƙasa, ta dubi hagu, ta dubi dama, kamar mai jiran wasu su iso. Can na ji wata 'yar murya, da waƙarta da komai, sai dai ƙasa-ƙasa: "We are fine, thank you, sir."

Na ce, "Ke da wa?"

Ta yi zuru.

"Auta, ke kaɗai ce a nan. We, mu ke nan. Ke ɗaya, I za ki ce. I am fine. Kin san wannan tun aji uku."

Ta gyaɗa kai. Na miƙa mata takarda na ce ta rubuta. Ta rubuta daidai, har da waƙafi a inda ya dace, abin da rabin malaman makarantar nan ba sa yi. Na ce to faɗi abin da kika rubuta. Ta buɗe baki, leɓe ya motsa, babu abin da ya fito. Na sake tambaya daga farko. "We are fine, thank you, sir."

Kaina ya ɗau zafi. Na gwada wasu tambayoyin: sunanki, aikin babanki, me kike son zama. Duk ta san amsarsu, a takarda ta zubo su kamar ruwa. A baki kuwa sai ka ce an ɗinke shi da keken gidansu. A ranar na gane abin da duk shekarun nan ban lura da shi ba: yarinyar nan ba ta taɓa furta kalmar Turanci ita kaɗai a gabana ba. Ko sau ɗaya. Duk Turancin da na taɓa ji daga bakinta, a cikin murya tamanin da shida ya fita.

Kwana uku muna abu ɗaya. A na huɗu na daka mata tsawar da na yi nadama, har tsuntsayen kan bishiya suka watse. Ta yi ƙwalla. Na sauke murya na ce ta gaya min da Hausa, babu katako a nan, me ke hana ta.

Ta ce, "Malam, in muna tare, ko na yi kuskure ba a ji."

"To in an ji fa? Mutuwa ce?"

"A aji uku na taɓa cewa zan sha ruwa. Ban san yadda ake faɗa ba, na fara da Turanci na ƙarasa da Hausa. Na yini da katako, har aka tashi ba a kama wani ba. Da shi na je gida."

Na ce ta je, gobe ma rana ce.

Da la'asar na bi ta shagon tela, don in roƙe shi ya riƙa sa ta maimaitawa a gida. Na same shi a kan keke, tef rataye a wuya, allurai uku a baki, yana fama da hannun wata riga. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya cire allurai ɗaya bayan ɗaya ya soke su a jikin matashin hannunsa.

"Malam, tsaya in fahimta. An tambaye ta lafiya, ta ce lafiya muke. Shi ne laifin?"

"Ba laifi ba ne, Baba. Kuskure ne. Ita kaɗai ake tambaya."

"Ita kaɗai? Daga sama ta faɗo? Ba ta da uwa, ba ta da uba, ba ta da yayye? A tambaye ta lafiya ta ce ita dai lafiyarta ƙalau, sauran kowa ya ji da kansa?"

"Haka harshen yake."

"To harshen bai da tarbiyya."

Na ce na yarda, amma marar tarbiyyar nan shi ne zai buɗe mata ƙofar makarantar. Ya riƙa juya ƙafar keke a hankali ba tare da ya sa ƙyalle ba. Sannan ya ce in koya masa tambayar. Na koya masa. Tun daga ranar duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji tela yana jefa wa 'yarsa "Hawa yu?" daga bayan keke, ita kuma tana amsawa daga inda take guga.

A hankali abin ya fara sakuwa. Na fara tsayar da ita da ƙawayenta biyu, su faɗa su uku. Na cire ɗaya. Na cire ɗayar. Na sa ta rufe ido. Na sa ta juya min baya ta gaya wa bishiya. Bishiyar nan ta ji sunan Auta da sana'ar babanta ya fi sau ɗari. Waƙar ce ta fi ba ni wahala, don ko ta faɗi daidai sai ta ja shi kamar yadda aji ke ja. Na riƙa buga benci da rula ina gutsura mata kalmomin. A rana ta goma sha takwas ta zauna a gabana, ta dube ni cikin ido, ta ce, "I am fine, thank you." Ta faɗi shekarunta, ta ce babanta tela ne, ta ce tana son zama likitar ido saboda idon babanta ya fara gajiya da zura allura. Wannan ta ƙarshe ba ni na koya mata ba. Na tafi gida ina jin kaina kamar wani babban malami.

Ranar gwajin mu uku muka shiga motar farko: ni, tela, da Auta cikin sabuwar riga shuɗiya da ya ɗinka mata, wadda ya yi wa aljihu biyu don kada a ce an yi rowar yadi. Muka isa da hantsi. Aka nuna mana wani dogon baranda mai benci a jikin bango, inda sauran yara huɗu suke zaune da iyayensu. Wai duk 'yan yankinmu ne, amma uku daga cikinsu a garin da ke bakin kwalta suke, inda ake da lantarki da talabijin. Wata tana yi wa uwarta ƙorafi da Turanci a kan ta manta mata gorar ruwa. Ƙorafi fa! Ni shekara tara ina neman wanda zai gaishe ni shi kaɗai, ga wata tana tsiwa da harshen.

Tela bai damu da wannan ba. Idonsa yana kan ɗinkin rigunan yaran. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Dubi kalmasar wancan siket ɗin. Wanda ya yi shi ko almajirin tela bai kai ba." Na ce ya yi haƙuri, ba shi ya kawo mu ba.

Auta ce ta huɗu. Wani ma'aikaci ya leƙo ya kira ta, ya shigar da ita ya zaunar a kujera. Tagar ɗakin gilashinta ɗaya ya fita, kuma Allah ya sa a daidai nan nake zaune, ina ganin gefen ɗakin ina jin komai. Maza biyu ne a bayan tebur suna duba takardu, kujerar tsakiya babu kowa. Shugabar masu gwajin ta ɗan fita. Na ga Auta ta ɗora hannu a gwiwa yadda muka yi, leɓenta yana motsi, tana bita. Na ce a raina, madalla.

Sai ƙofar ciki ta buɗe. Wata mata mai tabarau ta shigo, fayil a hammata, tana tafiya da sauri irin ta malamin da ya makara.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kwana ashirin ina zaune take samuna, ko ta zo ta tarar da ni, ko mu zauna tare. Ban taɓa shigowa ta ƙofa da littafi a hammata ba sai a aji. Jikin yarinyar nan shekara shida ya yi yana koyon abu ɗaya: in babba ya shigo ta ƙofa da takardu, a miƙe a rera. Kafin in ƙifta ido ta miƙe zumbur, kujera ta yi baya, ta buɗe murya gaba ɗaya, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba:

"Good mooorning, sir!"

Har barandar aka ji. Yarinyar gorar ruwa ta toshe baki. Ɗaya daga cikin mazan ya yi dariya ya mai da ita tari. Sir kuma! Mace ce tsaye a gabanta, da ɗankunne da komai. Amma a makarantarmu ba a taɓa yin malama mace ba, ni kuma a cikin kwana ashirin ɗin nan ko sau ɗaya bai faɗo min a rai in ce mata akwai wata kalma ga mata ba. A wurin Auta sir ba namiji ba ne, ƙarshen gaisuwa ne kawai.

Matar ba ta ɓata rai ba. Ta yi murmushi ta zauna, ta ce, "Good morning. How are you?"

Na rufe ido. Na san abin da zai biyo baya, don wanda ya fara waƙa sai ya kai amshi.

"We are fine, thank you, sir!"

Matar ta leƙa bayan Auta da wasa, kamar mai neman sauran, ta tambaye ta su wa da wa ke nan. Da kirki ta yi tambayar, na rantse. Amma da sauri ta yi ta, kuma Turancinta ba irin nawa ba ne. Nawa kowace kalma da ƙafarta take tsayawa, nata kuwa a haɗe suke fitowa, wasu ma ta hanci. Auta ba ta taɓa jin Turanci daga bakin kowa ba sai nawa da na Hedimasta. Ta ji dariyar, ta gane ta yi kuskure, kuma wannan karon an ji. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Matar ta rage sauri, ta tambayi sunanta. Shiru. Ta tambayi aikin babanta, tambayar da bishiya ta ji amsarta sau ɗari. Shiru. Ta ɗauko wani hoto ta ce ta faɗi abin da ta gani. Daga inda nake na hango shuɗin ruwa da yashi da wasu mutane a ƙarƙashin lema. Auta ta ƙura wa hoton ido, leɓe ya motsa, babu sauti. Ni a waje ina ta faɗin amsar a cikin baki kamar mahaukaci, har wata uwa ta matsa daga kusa da ni. Minti huɗu aka yi, aka sallame ta.

Da aka gama da ta biyar na tare matar a bakin ƙofa. Na shirya magana mai kyau a kaina, yadda zan gaya mata yawan ajinmu da littafi goma sha ɗaya da katako. Ta saurare ni da ladabi. Ta ce rubutun yarinyar shi ne mafi kyau da suka karanta a bana, ta ma tuna da shi, na damina ne. Amma makarantarsu komai da Turanci ake yi, tun daga aji har ɗakin kwana, kuma makin baki rabi ne, ba ita ta tsara ba. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki ba za ta sha wuya a can.

Na buɗe baki in amsa, sai nawa Turancin ya watse. Shekara nawa rabona da in yi hira da wanda ya fi ni iya harshen? Kalmomi suka riƙa karo da juna, na fara jimla na rasa ƙarshenta, na sake farowa. Gumi ya keto min. Da na ga babu mafita sai na ɗan rusuna na ce, "Thank you, sir."

Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi.

Kafin azahar aka manna sunan wadda ta ci a jikin allon sanarwa. Yarinyar gorar ruwa ce. Muka hau mota, muka kama hanya har muka bar kwalta. Auta ta jingina kai da taga, hannuwanta cikin aljihunan nan biyu. Tela ya juyo gare ni.

"Malam, ni fa har yanzu ban ga abin da ta yi ba. Babba ya shigo, ta miƙe ta gaishe shi. An tambaye ta lafiya, ta amsa. A kan wannan za a hana yarinya karatu?"

Na ce, "A kan wannan, Baba."

"To wa ya koya mata haka?"

Ba da gatse ya tambaya ba, so yake ya sani. Na ce masa ni ne. Ya dube ni, ya dubi hanya, bai ƙara cewa komai ba har muka sauka. Na fi son a ce zagina ya yi.

Ranar Litinin Hedimasta ya tare ni tun a bakin ƙofa, ya ce abin da ya faru ya nuna ana sakaci da katako, daga yau za a yanko na biyu. Na ce, "To, Yallaɓai," na wuce, don in na tsaya zan faɗi abin da zai raba ni da aikina. Na ɗauki alli da littafin da akuya ta rage, na nufi aji shida. Ban yi niyyar canza komai ba, ban ma san me zan canza ba. Ina sa ƙafa benci ya yi ƙara, aka ja waƙar safiya. Bakina da kansa ya ce, "How are you?"

"We are fine, thank you, sir!"

Na ce su zauna, suka zauna. Mutum ɗaya ya rage a tsaye, a benci na biyu kusa da taga. Ta bari sai da ƙarar ta lafa sarai, har ana jin kukan tantabaru a kan rufi. Sannan ta ɗago kai, ba waƙa, ba rawar murya, kowace kalma a wurinta:

"I am not fine, sir."

Yara suka juyo suna kallonta. Ba su taɓa jin an sa not a wannan wuri ba, wasu ma sun ɗauka kuskure ta yi suna jiran in gyara. Babu abin gyarawa. Jimla ce cikakkiya, tata ce ta kanta, ita kaɗai ta faɗe ta a gaban mutum tamanin da shida. Abin da na yi kwana ashirin ina nema ke nan, ya zo bayan an manna sunan wata. Takaici ya kama ni, na rasa ko da ita nake fushi, ko da littafin, ko da kaina.

Na nemi amsar da zan ba ta da Turanci na rasa. A littafin, bayan gaisuwa sai a ce a zauna, babu shafin da ya faɗi abin da ake ce wa wanda ba shi da lafiya. Ni ma ba a taɓa koya min ba. Sai na ajiye allin na ce mata da Hausa, a gaban kowa:

"Na sani, Auta. Ni ma haka. Ki yafe min."

Monitarmu wata doguwar yarinya ce mai tsananin bin doka. Na ga ta miƙe a hankali, ta ciro katakon daga ƙusar da yake rataye, ta tako har gabana. Nan ta tsaya tana juya igiyar a hannu, ta rasa yadda za ta yi, don doka ba ta ce ban da malamai ba.

Na sunkuyar da kai ta rataya min. Ya fi yadda nake zato nauyi, igiyar kuma tana cin wuya. Da shi a ƙirjina na taka zuwa bencin farko, na tsaya a gaban yaron da ke bakin layi, na tambaye shi, shi kaɗai, yaya yake. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Na ce kada ya damu, zan jira.